Zanen da Ke Bayan Kujerar Direba

Gidanmu gidan fawa ne. Mahaifina mahauci ne a Tudun Wada, haka kakana, yayyena maza biyu kuma tun suna firamare suka iya fiɗa. Ni kaɗai na fita zakka. Ban taɓa ƙin nama a kwano ba, amma ƙarnin mayanka ko daga nesa na shaƙa sai in toshe hanci in canza hanya. Da na gama difloma na dawo gida, mahaifinmu ya riga ya rasu. Babu mai tilasta mini riƙe wuƙa, babu kuma mai ba ni wani abin yi. Haka na shekara biyu ba na aikin fari bare na baƙi.

A waya na fara ganin sana'ar. Ina kwance ina kallon bidiyo, sai ga wani mutum ya karɓi mota da cikinta ya yi kaca-kaca, ya bi ta lungu-lungu da buroshi da tsumma har ta koma kamar ba a taɓa shigarta ba. Na kalli wannan, na nemi wani, na sake neman wani. Sai na tuna yadda masu wankin mota na unguwarmu ke yi. Waje suke wankewa ya yi ƙyalli. In an zo ciki, a kakkaɓe kafet, a goge dashbod da tsumman da aka goge taya, shi ke nan an gama. Na ce a raina ga gurbi nan ba kowa.

Babbar yayata, wadda ke aure a Gidan Dahala, ita ta fara yarda da ni. Ta saya mini injin zuƙar ƙura na hannu, ta kuma lallashi mijinta ya ba ni tsohuwar motarsa in koya a kanta. Bawan Allah ya sha haƙuri. Ranar farko na jiƙa kujerun sharkaf da ruwan sabulu, na rufe gilasai na tafi, motar ta kwana uku tana warin rima. Wani karon na shafa wa sitiyari man ƙyalli, ya riƙa zame masa a hannu har ya kusa shiga kwata. Da irin waɗannan na gane cewa ruwa kaɗan ake sa wa kujera, daga sama ake farawa a gangaro ƙasa, kuma a inuwa ake aiki da ƙofofi a buɗe. Na gane tsohon buroshin goge baki ya fi komai shiga ramukan iskar sanyi. Na kuma gano da kaina cewa turaren fesawa mai arha, in aka ɗiga shi a auduga, yana ɗauke tawadar biro daga kujerar fata. Wannan na ƙarshen na yi alfahari da shi ƙwarai.

Wani mai wankin mota a bakin titi ya ba ni gefe ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ya yarda in ja wuta daga shagonsa. Na yi kusan mako uku a wurin ban ga kowa ba. Masu kawo wanki su dube ni da injina su yi dariya. Wani ma ya tambaye ni ko cikin motar ciwo yake yi da sai an kai shi wurin likita na musamman.

Ran nan da hantsi, cikin zafin bazara, sai ga wata mota mai ruwan toka ta tsaya a gabana. Mai ita wani Alhaji ne, aminin mahaifina, mai fataucin shanu a kara. Gidansa na kusa da na yayata, ita ce ma ta yi masa maganata. Rabona da shi tun zaman makokin mahaifinmu. Na ga ya rame, furfura ta cika masa gemu, amma ban kawo komai a raina ba. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ɗan abokina, an ce mani kai ka gyaran cikin mota yanzu."

Na ce, "Awo, Baba."

"Tau, ga ta nan. Gaba kaɗai za ka yi. Baya ka bar ta yadda take."

Na ce, "Baba, ai duka aiki guda ne, ba wani ƙari."

Ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, sai ya fasa. Ya ce, "Na ji. Gaba kaɗai." Ya miƙo mini makulli, ya tsayar da ɗan kabu-kabu, ya ce zai dawo bayan la'asar.

Gaban motar aiki ne na gaske. Kashin shanu ya bushe a kafet, fura ta taɓa zubewa kusa da sandar giyar motar ta daskare, ga ɓawon goro da guntayen igiya a ko'ina. Kujerun na fata ne masu ruwan madara, amma ta direba ta koma ruwan ƙasa. Na tsaya daga ƙofar baya na ɗauki hoton cikin motar tukuna, don a bidiyon da nake kallo kowa yana nuna yadda mota take kafin gyara da yadda ta koma. Sannan na duƙufa. Kafin azahar na gama, gaban ya fito fes, har mai wankin motar ya leƙo ya ce ashe da gaske nake.

Da na dawo daga masallaci na tsaya ina kallon motar. Gaba kamar sabuwa, baya kuwa sai ka ce ɗakin yara. Akwai ɗigon alawa da ya narke ya manne a kujera. A aljihun bayan kujera akwai guntun fensir, da ribom na gashi, da takardun biskit da aka ninke ƙanana-ƙanana. A bayan kujerar direba kuma an yi zane da shuɗin biro, saniya mai ƙafa biyar da manyan ƙahoni, a ƙarƙashinta an rubuta BABA, harafin farko ya juya baya.

Na san abin da ya ce. Sau biyu ya faɗa. Amma sai na shiga yi wa kaina fassara. Na ce tausayina yake ji, ba ya son ya wahalar da ɗan abokinsa. Ko kuma bai yarda zan iya fitar da tawadar ba, yana tsoron in ɓata masa fata. Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba ita ce hoto nake so. Ina son in nuna mota guda cikakkiya da na gyara, in aika wa mutane su daina yi mini dariya.

Na kwashe abin da ke aljihun na zuba a bola tare da ɓawon goro. Na kankare alawar. Na ɗauko auduga da turarena na fara da ƙahonin saniyar. Tawadar ta daɗe, ba ta fita da sauƙi ba. Na bi ta a hankali, ina canza auduga, ina hura wurin ya bushe, har na kai harafi na ƙarshe. Na shafa man fata na goge. Ko alamar zanen ba ta rage ba.

Alhaji ya dawo bayan la'asar kamar yadda ya ce. Ya leƙa gaba ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla." Ni kuwa da zumuɗi na buɗe masa ƙofar baya na ce, "Baba, duba nan. Wanga kyauta ne."

Ya sunkuya ya duba. Ya daɗe a sunkuye, hannunsa ɗaya a kan rufin motar. Sannan ya kai ɗayan hannun ya shafa bayan kujerar, ya zura yatsu cikin aljihun, ya fito da su ba komai.

Ya ce, "Abin da ke ciki fa?"

Na ce, "Tarkace ne, Baba, na zubar."

Ya waiwaya wajen bolar. Mai wankin motar ya riga ya cinna mata wuta kamar yadda ya saba kowane yammaci, sai hayaƙi ke tashi. Alhaji ya miƙe, ya rufe ƙofar a hankali. Ya sallame ni, ya ce, "Allah shi yi albarka," ya shiga ya ja motarsa. Na ɗan ji wani iri da bai yaba ba, amma na ce halin manya ne.

Washegari da safe yayata ta kira ni ta ce in zo. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

Ta ce, "Mi kay yi ma motar Alhaji?"

Na ce gyara na yi mata.

"Bai hwaɗa maka ka bar baya ba?"

Na ce ya faɗa.

Nan ta gaya mini. Alhaji da Hajiyarsa sun haifi maza huɗu, sai da girma ya fara kama su Allah ya ba su mace. Ita ce 'yar autar, ita ke zama bayan kujerarsa kullum in zai kai ta makaranta. Da damina ta bara zazzaɓi ya kama ta, kwana uku ta rasu, tana da shekara shida. Tun daga ranar ba a bar kowa ya zauna a bayan motar ba. In Alhaji ya dawo daga kara ya ajiye ta a gareji, Hajiya takan karɓi makulli ta shiga baya ta zauna ita kaɗai, ta ɗan jima, sannan ta fito ta ci gaba da aikinta. Jiya ma ta shiga.

Na ce, "Yaya, ban sani ba. Ba wanda ya hwaɗa mani an yi rasuwa gidan."

Ta ce, "An hwaɗa. Kana kwance da waya a hannu, ka ce Allah shi jiƙan rai, ko kai ba ka ɗaga ba."

Na tuna. Da gaske ta taɓa cewa maƙwabtansu sun yi rashin yarinya. Ban tambayi wane gida ba.

Ina zaune a wurin sai hoton ya faɗo mini a rai. Na ciro waya. Hoton na nan, amma gaba na nufa da shi, don haka gefen bayan kujerar kaɗai ya shigo. Ana ganin wutsiyar saniyar da ƙafafu uku, da harafin A na ƙarshe. Na buɗa shi iya buɗawa har ya dushe. Yayata ta karɓi wayar ta yafa mayafi ta shiga gidan Alhaji, ni kuma na zauna ina kallon kaji na cin tsakuwar shinkafa.

Ba ta daɗe ba ta dawo. Ta ce Hajiya ta riƙe wayar ta duba, ta sa yatsa tana jan hoton gefe ko sauran zai fito. Da ta ga bai fito ba ta ce, "Ina kan?" Sannan ta mayar da wayar ta ce a ce mini ba komi.

Ya kamata a ranar in je in durƙusa gaban Alhaji. Ban je ba. Na ce sai abin ya huce. Sau biyu na kai ƙofar gidan na wuce kamar wani wuri za ni. Abin da ya ƙara ɗaure ni, bayan mako guda fatake suka fara kawo mini motocinsu daga kara, kowanne ya ce Alhaji ne ya turo shi, ya ce yaron ya iya aiki. Da su sana'ata ta tsaya da ƙafafunta. Kowace mota suka kawo sai kunyar zuwa ta ƙaru.

Sai da aka kusa shekara muka haɗu, a jana'izar wani dattijon mahauci a Unguwar Rogo. Bayan an watse na bi shi na durƙusa a gefen hanya. Duk maganar da na tsara ta gudu. Na ce, "Baba, motar nan. Ka gahwarce ni."

Ya kama kafaɗata ya tashe ni. Ya ce, "Na so in hwaɗa maka dalili ran nan, bakina ya yi nauyi. Rabin laihin nawa ne." Ya ƙara da cewa, "Ni na yahe tun a wurin. Amma ba ni ka yi ma ba."

Na tambaye shi motar, don na ga a wata ya zo. Ya ce ya sayar da ita. Hajiya ta daina shiga, shi kuma ba ya son ganinta a gareji.

Hajiya sau ɗaya na gan ta ido da ido bayan wannan. Ranar sunan ɗan yayata ne, ina tsaye a zaure ina jiran a miƙo mini kwanukan da zan kai wa maza, sai ga ta ta shigo da ƙunshin kaya a hannu. Na rusuna na gaishe ta. Ta gane ni. Ta amsa da sakin fuska, ta ce, "Ɗana, ya aiki?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya."

Ta ɗan tsaya. Ba kowa a zauren sai mu biyu, kuma na san lokacin ke nan. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Ya gida, ya yara?"

Ta ce, "Lahiya lau." Ta gyara mayafinta ta shige ciki, aka miƙo mini kwanukan na fita da su.