Mutumin da Ya Tausaya wa Alkama

Shekara ashirin da shida Baba Mai Ban-ruwa yana shayar da shuka a ɗakin gilashi na cibiyar binciken noma. Bai iya karatu ba, amma in ganye ya sunkuyar da kai, ya san damuwarsa. Matarsa kan ce, "Malam, da tukwanen nan na haihuwa, da jikokinka sun cika gari."

Dakta, wadda yake aiki a ƙarƙashinta, ita ta faɗa masa sirrin ganye. Yana da ƙananan bakuna, da su yake zuƙar iskar da muke fitarwa ya ƙera abinci. In zafi ya tsananta sai ya rufe su don tattalin ruwa. Cikin ƙuncin nan yakan cafki iskar da ba ita ba, ya koma ƙona abin da ya tara wajen gyara kuskurensa.

"Ashe ɗan'uwana ne," in ji Baba. "A tara da safe, a zubar da rana."

Shekara shida Dakta tana haɗa irin alkama, tana neman wadda ba ta wannan ɓarna. Cibiya ta ce gwajin bana ne na ƙarshe, in babu sakamako za a rufe ɗakin. Tukwane ɗari uku, kwana goma cikin zafi, tagogi a rufe. Wadda ta jure, ita ake nema.

"Baba, ko sun yi kuka, kada ka buɗe."

"Haba 'yata, ni yaro ne?"

Rana ta huɗu ya tarar da ganyaye sun nannaɗe kamar yatsun majinyaci. Shi ma numfashi ya gagare shi. Ya buɗe taga ɗaya. Washegari biyu. Kullum kafin Dakta ta dawo daga koyarwa ya rufe.

Duk suka yi zangarniya, jarumai da ragwaye. Ya tare Dakta a bakin ƙofa yana murmushi. Ta zaro takardar na'urar awon zafi, ta daɗe tana kallo.

"Ka cece su duka, Baba," ta ce a hankali. "Yanzu wace ce tawa?"

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

An rufe ɗakin, Dakta ta bar aiki, shi kuma aka sallame shi. Ya tafi gida da tukunya ɗaya, ya sake shuka ƙwayarta. Wataƙila ita ce, wataƙila ba ita ba. Kullum in rana ta take yakan zauna gabanta, ganyen na nannaɗewa, inuwa na nan taku biyu, amma ba ya matsar da tukunyar.