Baƙin Man Takalmi

A tashar Race Course na hango ta da safe, 'yar makaranta da ba ta wuce shekara goma sha biyar ba. Ƙafarta ta dama tana cikin baƙin takalmin makaranta. Ta hagu kuwa ta kumbura tun daga gwiwa, an naɗe ta da bandeji, ba abin da ke shigarta sai wani shuɗin silifas na babban namiji.

Ta miƙe ƙafar a kan benci don nauyin ya ragu, tana shafa wa silifas ɗin baƙin man takalmi. Na tabbata akwai wani malami a ƙofar makarantarsu riƙe da bulala, wanda kumburin bai dame shi ba, launin takalmi kawai yake dubawa. Wannan wane irin rashin imani ne?

Wata mata ta fizge ɗanta daga bencin. "Asiri ta taka," in ji ta da ƙarfi.

"Mma, ba a ɗauka," yarinyar ta amsa, ko kai ba ta ɗago ba.

Ni haushi ya kama ni. Ita kuwa ba ta da lokacin fushi, hancin silifas ɗin bai gama yin baƙi ba.