Kular ƙanƙarar Mma

Shekarar da na gama jami'a aka tura ni bautar ƙasa a wani ɗakin bincike a gefen Sagnarigu. Aikina ƙarami ne. Muna kiwon ƙwayoyin halitta a faranti, mu ɗiga musu wani furotin da ake kira intaferon, mu ga yadda za su kare kansu daga cuta. Jikin mutum yana yin irinsa da kansa, amma namu a masana'anta ake sa ƙwayoyin bakteriya su haɗa shi. Yana zuwa a 'yar kwalba kamar kan ɗan yatsa, farin gari a gindinta, sai ka ɗaga wa haske kafin ka gan shi. In ya yi ɗumi ya lalace. Saboda haka duk ranar da aka ɗauke wuta, ko ina gida a unguwarmu Tishigu, sai na yi ta mita kan firjin, har mutanen gidanmu suka haddace sunan.

A gidanmu ba a aiki a wuri a dawo hannu rabbana. Kawu mahauci ne, kullum da 'yar tsoka a leda. Matarsa tela ce, ƙyallayenta ne suka zama matasan kanmu. Yayana, mai gyaran babur, shi ke kai ni aiki, yana tsokanata a hanya.

"Dakta, yaushe za ki kawo mana namu kason? Ko ƙwayar cuta ɗaya ce, mu soya."

"Ni ba dakta ba ce, Yaya."

"To, mai gadin firji."

Da damina idon Yaya ya soma yin rawaya, daga baya cikinsa ya kumbura. A asibiti aka ce ciwon hanta ne, ya daɗe a jikinsa. Ina jin likitan cikin bayani ne kawai ya ambata cewa da an zo da wuri, akwai allurar intaferon da akan gwada wa wasu. Mahaifiyarmu, da muke kira Mma, ba ta jin Turanci, amma wannan kalmar ta san ta. Ta juyo ta dube ni.

Washegari da hantsi ina wurin aiki, mai gadi ya ce ana nemana a ƙofa. Mma ce, da mayafinta na zuwa suna, riƙe da kular da take sayar da zoɓo, cike da ƙanƙara.

"Kin ce ba ya son zafi," in ji ta. "Ga sanyi na kawo. Ɗauko."

Na ce mata iya sanina namu ba na mutane ba ne, na faranti ne. Ba a tace shi yadda ake tace magani ba, wataƙila ma ya tayar masa da zazzaɓi. Na ce abin da ke kwalbar bai kai ko kusa da abin da jiki zai buƙata ba, kuma hantar da ta kai wannan matakin, kamar yadda na karanta, allurar na iya ƙara mata rauni.

"Wataƙila, wataƙila," ta ce. "Tun kina yarinya bakinki wataƙila. Zai kashe shi, ko ba zai kashe shi ba?"

"Ban tabbata ba, Mma. Amma ba zai warkar da shi ba."

"Wannan kin tabbata?"

Na tabbata. Sai dai na ɗan yi jinkiri kafin in amsa, kamar yadda na saba yi da kowace tambaya, ita kuwa jinkirin ta ji. Ta ce Kawu bai taɓa ce mata naman wurin aikinsa na faranti ne ba. Ta zauna a bencin mai gadi har azahar. Ni ina ciki ina ɗiga ruwa a faranti, ta taga ina hango kular a cinyarta.

Da yamma muka koma tare a keke mai ƙafa uku. Yaya yana kwance a tabarma a tsakar gida. Ya dubi kular, ya dube ni, ya gane.

"Mma, ki bar mai gadin firji," ya ce. "In ta ce babu, babu. Miƙo min ruwan nan, ƙafata zafi."

Ƙanƙarar ta narke. Na jiƙa tsumma a ruwan ina shafa masa ƙafafun da suka kumbura, yana cewa ga kasonsa ya iso.

Bai kai babbar salla ba. Mma ba ta taɓa ɗora min laifi da baki ba. Amma a zaman makoki na ji tana gaya wa wata maƙwabciya cewa maganin yana nan, a wurin aikin 'yarta, sai dai an ce ba na mutane ba ne. Ina bayanta da tiren ruwa. Na ci gaba da raba ruwan.