Hotunanka da Ka Ba Ni Ajiya, Malam Zakiru

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Fabrairun 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Zakirjon Karabayev, mai zanen hotuna ɗan ƙasar Uzbekistan, a wani asibiti a Bronx, yana da shekara saba'in da ɗaya. Bakinmu ya kasa sunan, sai muka ce Malam Zakiru, ya kuma amsa.

Tun ranar nake ganin hotonka yana yawo a waya, kowa yana cewa amininsa ne ya rasu. Mutum tara ne suka yi maka salla. Na ƙirga, domin sahun bai yi tsawon da zan rikice ba.

Shekara ashirin kujerarka na gefen teburina a titin 125, ni ina sayar da turare da man kaɗe, kai kana zana fuskar duk wanda ya yarda ya zauna. Ka ba ni labarin makarantar zane a Tashkent, babban birninku, da yadda aka sa ka kana saurayi ka riƙa zana masu tsinkar auduga suna murmushi, alhali uwarka a gonar audugar bayanta ya ranƙwafe. Ka rantse ba za ka sake ƙara wa kowa murmushin da ba shi da shi ba. Ka kuwa cika. Da ka zana Hajiya Damata mai waina, har tabon man gyaɗa a hannunta da fushin da ke tsakanin girarta ka saka. Ta leƙa ta ce, "Wannan bawan Allah ba shi da kunya!" Amma wata guda ba ta bari ka sayi waina ba, kyauta take miƙo maka.

Masu gidajen nunin zane na Manhattan raƙuma da ƙubbobin Samarkand, tsohon birnin ƙasarku, suka so daga gare ka. Kai kuma ka kai musu mu, da hulunanmu da gajiyarmu. Suka ce za su kira ka. Har ka bar duniya suna kan hanyar kiran.

Da rufin ɗakinka na unguwar Soundview ya fara yoyo, ka naɗe hotuna arba'in da ɗaya, aikin rayuwarka a ƙasar nan, ka ce in adana maka. Na kai su ɗakin ƙarƙashin masallacinmu na unguwar Morrisania. Kunya ta hana ni gaya wa liman cewa fuskokin mutane na shigar ɗakin Allah. Da Sadick mai kula da masallaci ya tambayi mene ne a naɗe, na ce tamfol ne.

Babbar Sallar da ta wuce, an dawo da naman shanu uku daga gonar da ake mana yanka, za a raba a harabar baya, babu abin shimfiɗa. Sadick ya tuna da tamfol. Aka warware, sai ga idanu suna kallonmu. Ya ɗaga murya ya ce, "Kai, na waye wannan?" Ina tsaye da wuƙa a hannu, taku uku daga gare shi. Na sunkuya na ci gaba da wasa wuƙata. Ya ce, "To ku kifa su, ai dama hoto ba ya zama a masallaci. Yadin dai yana da kauri." Aka kifa mu a kan siminti, aka jibga nama a bayanmu, aka bi ta kai da takalma.

Ka iso bayan la'asar karɓar kasonka, kamar kowace shekara, da doguwar rigarka mai ratsi. Ka tsaya. Ka ɗaga gefen ɗaya da bakin sandarka, jini ya riga ya ratsa har fuskar Hajiya. Ka daɗe kana kallo. Sannan ka juyo gare ni, ba ga Sadick ba, ka ce, "Alhaji, wannan jan ya fi nawa kyau." Ka karɓi ledarka, ka yi wa kowa barka da Salla, ka tafi. Da yamma aka tattara yadin tare da kayan ciki aka kai shara. Shida suka tsira, don ba a buƙace su ba.

Washegari ka zo ka kafa kujerarka a gefena. Wata bakwai muna gaisawa, kana zuba mini shayinka marar madara, ba ka sake tayar da maganar ba. Da ka zage ni sau ɗaya, da na samu abin da zan riƙe in ce mun yi fansa. Ba ka ba ni ba. Ban kuma ƙara ganin buroshi a hannunka ba, sai fensir, don masu wucewa.

Jiya 'yarka Gulnora ta kira ni daga Tashkent, Kadri ƙanena yana fassara mana da Turanci. Ta ce ka gaya mata duk aikinka yana hannun amini, a wuri mai tsarki. Ta samu ɗakin da za a nuna su a garinku, ranar Juma'a za ta sauka ta ɗauka. Na ce Allah ya kawo ta lafiya.

Allah ya jiƙanka, Malam Zakiru, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi. Allah ya ba Gulnora da 'ya'yanta da dukan dangi haƙurin wannan rashi. Ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a, har da waɗanda uzuri ya hana zuwa jana'iza.

Kadri, ran Juma'a kai za ka ɗauko ta. Ka kawo ta teburina, ka fassara mata takardar nan a gabana, ina zaune. Kada ka rage kalma ko ɗaya, kada kuma ka tausasa.