Tattabaru Mata Biyu a Tukunya Ɗaya

A ƙarshen shekarun 1980 ni budurwa ce Bamagujiya daga wata unguwa a bayan Tudun Kaya, kuma ni ce ta farko a danginmu da ta taka jami'a. Tun ina ƙarama shegen son kallon dabbobi ne da ni, sai a aike ni rijiya a tarar da ni tsugune gaban tururuwa. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, na dawo gida na tare gaban tukwanen tattabarun kawuna. Innata ta ce ashe an kai ni birni ne don in dawo gadin tsuntsu.

Sai na lura da wata tukunya mai ƙwai huɗu maimakon biyu, kuma ba sa ƙyanƙyashewa. Kawu ya ce ai tattabarun da ke cikinta duka biyun mata ne, sun ƙi mazan, miya ce makomarsu. Na roƙe shi ya ɗaga musu ƙafa, na ɗauko ƙwan wata tukunya na sa musu don in ga abin da za su yi. Ai kuwa suka yi ta karɓa-karɓar kwanci har suka ƙyanƙyashe, suka raini 'ya'yan tsaf. Murnata ta wuce ta bincike, domin akwai wata malamar firamare a Rogo da nake ƙauna, ita ma haka, kuma ba wanda ya sani.

Bayan na gama karatu jami'ar ta tura ni Rogo koya wa mata kiwon kaji da tattabaru, muka kama ɗaki ɗaya da malamar. Wata rana a taron mata, tana zaune a bakin tabarma, na ɗauko labarin tukunyar nan. Bakina ya ƙi tsayawa, ina ta washe haƙora. Wata tsohuwa ta dube ni, ta dubi malamar, ta tambaya cikin raha ko mu ma a aro mana ƙwai. Aka kwashe da dariya, malamar kaɗai ce ba ta yi ba. Kafin hutu maganar ta kai ga iyayen ɗalibanta, ta nemi a sauya mata makaranta. Da take ɗaure kayanta ta ce mini ni ina da jami'ar da zan koma, ita kuwa gidan ubanta a yankin yake, kowa ya san shi.

Har yau ina binciken tsuntsaye, kuma har yau ban san abin da ke sa tattabara ta zaɓi 'yar'uwarta ba. Amma na san abin da ɗoki ya ja mini, kuma yana ci mini rai. Masu karatu, in kun gano abin da ya faranta muku rai, ku dubi wanda ke zaune kusa da ku kafin ku buɗe baki. Ban sake ganin malamar ba.