Man Shanun Mai Jego

Matso nan 'yar'uwa, ki ji yadda na tsuguna a tsakiyar filin jirgi, jama'a na kallona.

Ni ba mai fita ba ce. Daga gida sai Kasuwar Kure, daga kasuwa sai gida. To, babbar 'yata ta haihu a Legas, haihuwar fari, wadda ya kamata a ce a ɗakina ta yi wankan jego. Aiki aka yi mata, likita ya hana ta doguwar tafiya. Kwana biyar da haihuwa ta kira ni, muryar nan duk ta shaƙe.

"Inna, komai na sa a baki ɗaci yake mini. Nono ya ƙi zuwa sosai, yarinya sai kuka. Da zan samu tuwon dawa da man shanunki..."

Mijinta ya karɓi wayar ya ce ya saya mini tikitin jirgi, jibi zan tashi.

Washegari na samo man shanu wajen Bafulatanar da ke kawo mana daga Kagara. Na soya shi da albasa da citta yadda uwata ke yi, na tace, da ya huce na ɗura a gorar roba ta ruwan sha. Garin dawa da kuka da daddawa suka shiga babban akwati. Man kuwa a jakar hannu na sa shi. Mu haka muka taso, abin da kike ji da shi a cinya ake riƙe shi a mota, ba a kai shi baya a danne shi da buhun doya.

A filin jirgin Minna aka auna akwatina, aka wuce da shi. Na shiga layin da ake duba jakar hannu a na'ura. Wata ma'aikaciya ta tsayar da ni.

"Mama, akwai ruwa a jakanka?"

Daga Hausarta na gane ba Bahaushiya ba ce, 'yar wajen Gwada ce. Na ciro gora biyu, ta ruwa da ta mai. Ta ɗaga ta ruwan ta ce, "Wannan ka sha ko ka zubar."

Zubar da ruwa? Na gyara zani na tsuguna, na yi bisimilla, don ni ban taɓa shan ruwa a tsaye ba. Wani alhaji a bayana ya ce, "Hajiya, jirgin ma tsugunawa zai yi ya jira ki?"

Na ce, "Alhaji, in ka matsu ga fili nan, buɗe babbar rigarka ka tashi."

Layi ya kwashe da dariya, har shi.

Da aka zo kan ɗaya gorar na ce, "'Yata, wannan ba ruwa ba ne, mai ne." Ta karkata gorar. Zafin Minna ya narkar da shi sarai, sai gudu yake.

"Duk abin da yana gudu haka, ba ya shiga a hannu. Sai ɗan ƙarami." Ta nuna mini tsawon yatsanta. "Da ka sa a babban akwati."

Akwati kuma ya riga ya tafi. Na ce mata 'yata ce kwance ba ta cin abinci, jaririya ba ta ƙoshi, wannan gorar ita na taso kaiwa, sauran kayan rakiya ne.

Ta kwance murfin ta shinshina. "Ni ma aiki aka yi mini," in ji ta. "Doka ba zai bari ba, Mama. Amma ba a rufe karɓan kaya ba. Koma da sauri ka ba su jakan gaba ɗaya, zai bi akwati."

Ita ta samo leda ta ƙulle bakin gorar, na naɗe ta a zanina na canji. Na cire tikiti da waya da carbi, na miƙa jakar. Wallahi miƙawar nan ta fi hawa jirgin wuya.

Ana cewa jirgi na da ban tsoro. Ni ban san ya tashi ba, hankalina na can ƙasan kujera, wajen kaya. A Legas na tsaya gaban abin nan mai juyawa da akwatuna, har jakata ta leƙo. Tun kafin in taɓa ta na ji ƙamshi. Ya ɗan tsiyaya a zani, amma gora na nan da nauyinta.

Ko mayafi ban gama cirewa ba na ɗora tukunya. Na zuba man a kan miyar kuka, na tallafi 'yata ta zauna. Loma ɗaya, biyu, ta cinye malmala, ta ce, "Inna, da saura?" Mijinta ya juya baya yana goge ido. Ban ce man ne ya kawo nono ba, likita ma ya yi nasa, amma kafin in yi mako jaririya ta fara barci da ƙoshi.

Wata mai zuwa zan koma, har na koyi ɗaure gora a tsakiyar akwati. Ke fa, in taki ta kira ki daga nesa da irin wannan murya, me kike ganin za ta ce ki kawo mata?