Ranar da Maharba Suka Watsa Filin Rawa

Wata Asabar ce a ƙarshen damina, ina aji biyar na firamare, aka loda mu a bas daga unguwar Kwararafa a Jos zuwa filin da ake bikin kaɗe-kaɗe da raye-rayen gargajiya. Mu 'yan matan makarantarmu gaɗa za mu yi, da zanen saƙi da ƙwarya a hannu. Tun kafin mu sauka kiɗa ya cika mana kunne. Ga Birom da abin kiɗansu na katako mai ƙahonnin shanu, ga Jarawa suna busa sarewa suna karkaɗa kafaɗa, can gefe kuma Tibi cikin zane mai ratsin baƙi da fari suna lanƙwasa kamar babu ƙashi a jikinsu. Malama Hajara ta jera mu a inuwa ta ce kada wadda ta motsa. Ni kuwa zama ya gagare ni, don ba rawa ce ta kawo ni ba. Chinyere nake nema.

Chinyere 'yar maƙwabtanmu ce, Ibo ne, babanta yana da shago a kasuwar Katako. Tare muke jan ruwa a rijiya, tare muke 'yar carafke a soro. Ita ta koya mini tsallen igiya, ni na koya mata tafin gaɗa. Da rikici ya tashi a gari, suka kwashe kaya suka koma wata unguwa da Inna ta ce ba ma zuwa. Ko sallama ba mu yi ba. Shi ya sa tun da na ji makarantu da yawa za su hallara, na kasa samun natsuwa.

Idon Malama na kaucewa na sulale. Na kutsa tsakanin masu sayar da gasasshiyar masara da yalo, ina leƙen duk yarinyar da ta ɗaura akayau a ƙafa irin na 'yan rawar Ibo. Ina cikin haka maharba suka shigo da tasu rawar, ɗayansu ya ɗaga bindigar toka ya saki a sama. A da shewa ake yi wa wannan. Amma a waɗancan shekarun ƙarar bindiga fassara ɗaya gare ta a Jos. Wata mata ta ƙwala ihu, "An fara!" Nan take fili ya watse. Kujeru suka kife, takalma suka zube, ƙwaryata ta fashe a ƙarƙashin ƙafafun mutane, ni ma na faɗi.

Sai na ji an finciko ni, an tura ni bayan wata mota, an rufe ni da zane tare da wata yarinya. "Zauna nan, kar ka gudu!" Mutum ɗaya na sani mai yi mini magana kamar ni namiji ne, kuma da wannan muryar. Na ɗago. Maman Chinyere ta zare ido ta ce, "Binta? Kai ne? Ka yi girma!" Yarinyar da ke kusa da ni ta motsa, akayau ɗinta ya yi ƙara. Chinyere ce.

Wani tsohon makaɗin Birom bai ko tashi daga wurinsa ba, ya ci gaba da kiɗa a filin da ba kowa. Can wani mai kalangu ya tsaya ya taya shi. A hankali mutane suka fara dawowa, suna neman takalmansu suna dariyar kunya. Mu kuwa muka tsaya muna kallon juna. Ita ce ta miƙo tafin hannu, muka tafa sau ɗaya, sai mamanta ta ja ni ta damƙa wa Malama. Ranar ba mu yi gaɗa ba, bas aka mayar da mu. Da na ba Inna labari, ta ci gaba da tankaɗenta, sannan ta ce, "Maman Chinyere tana nan da ƙibarta?" Ban sake ganinsu ba.

Yanzu 'ya'yana suna kallon rawar kowace ƙabila a waya, har su kwaikwaya daidai, amma duk ajinsu babu mai suna irin na Chinyere. Ni kuwa har yau in na ji mace sa'ata tana ciniki a kasuwa da Hausar Ibo, sai na tsaya na ƙara duba fuskarta.